Wata takwas muna neman sunan ciwon Auta

Cikin azumin 2023 abin ya fara, shi ya sa ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Wa ke rasa ciwon ciki a azumin da ya faɗo tsakiyar zafin Tawa? Auta, ƙanenmu, yana da shekara 23 a lokacin. Aikin albasa yake yi da kawunmu, suna saro ta daga wajen Galmi suna loda wa manyan motocin da ke gangarawa Abijan. Yaro ne ƙaƙƙarfa, ko taba ba ya sha. Sai muka lura in an sha ruwa, kunu kofi ɗaya yake kurɓa ya ture kwano ya ce ya ƙoshi, da dare kuma ya kwanta dafe da gefen dama, ƙasan haƙarƙari. Inna ta ce olsa ce. Ni ma na ce olsa ce, na biya farmasi na sayo masa magani ba tare da takardar kowa ba.

Ni mushe ne, wato malamin makaranta, ina koyarwa a makarantar firamare, kuma ni ke karanta Faransanci a gidanmu. Don haka duk takardar asibitin da za ta shigo, ta hannuna take bi, ni ke fassara wa Inna da Kawu. Na faɗi wannan ne don a san cewa a kurakuran da ke cikin labarin nan, ina da nawa kaso.

Bayan ƙaramar salla ciwon bai tafi ba, wando kuma ya fara zamewa daga ƙugunsa. A ƙaramin asibitin unguwa aka gwada masassarar cizon sauro, babu. Aka gwada taifot, aka ce akwai. Ya sha magani kwana 10. Daga baya ne wata likita ta gaya mini cewa wannan tsohon gwajin na taifot yakan nuna akwai a jikin mutane da yawa da ke zaune inda cutar ta yi katutu, alhali lafiyarsu lau. Mu dai a lokacin mun samu sunan da za mu riƙe, mun riƙe.

Wata ranar Yuni da yamma muna zaune a zaure, ya ɗaga riga ya ce, "Yaya, taɓa nan ka ji." Na sa hannu. Wani abu ne mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kamar ɗanyen mangwaro, yana sauka in ya ja numfashi. Washegari na kai shi aka yi masa eko, wato hoton ciki da ake ɗauka da na'urar da ake gogawa a kan fata. Mai dubawar ya ce akwai abu a hanta, santimita 9, kuma ya fi zaton ƙurji ne mai mugunya, irin wanda ƙwayar amiba ke kawowa. Ba na ganin laifinsa sosai, don a ƙasarmu saurayi ya zo da kumburin hanta, ƙurjin nan ne farkon abin da ake tunani. Sai dai mai ƙurjin hanta yawanci zazzaɓi ke kayar da shi, Auta kuwa jikinsa bai taɓa yin zafin kirki ba. Aka rubuta masa Flagyl. Ya sha yana yamutsa fuska, yana cewa bakinsa kamar ya tsotsi ƙusa.

Bayan babbar salla aka sake eko. Abin bai ragu ba, ya ma ƙaru. Nan ne aka fara ambaton ciwon daji, a hankali, ba a gaban yaron ba.

Kowa a Adar ya san yadda dajin hanta yake kashe mutum, ko da bai san sunansa ba. Magidanci ne ɗan shekara arba'in, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a ce shawara ce ko sammu, kafin wata uku an kai shi makwanci. Yawanci tushensa hepatit B ne, wanda mutum ke ɗauka tun yana jariri ko yana ƙaramin yaro, ya zauna a hanta shekara da shekaru yana cin ta ba a sani ba. Sai kuma gubar da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, wadda ke ƙara wa wutar fetur. Rigakafin hepatit B bai shiga alluran jarirai a Nijar ba sai 2008, Auta kuwa haihuwar 2000 ne, bai samu ba. Da wannan fargaba aka ɗebi jininsa: hepatit B, hepatit C, da wani gwaji da ake kira AFP, wani sinadari ne da dajin hanta na yau da kullum yakan zuba a jini.

A tsaye cikin rana, a ƙofar labo, na yage ambulan. Hepatit B, negatif, wato babu. Hepatit C, negatif. AFP 4, alhali har 10 ma ba a ɗaukar sa matsala. Sauran gwaje-gwajen aikin hanta kusan duk daidai. Na kira Inna tun daga nan ina cewa ba daji ba ne, ba daji ba ne. Da yamma ta soya masa ta raba wa almajirai. Tun ranar ta haddace kalmar negatif, ta ɗauke ta a matsayin wata irin albarka.

Ni na yanke wannan hukunci, ba likita ba. Likitan cewa ya yi mu tafi Yamai a yi eskanar, hoton babban inji mai nuna cikin jiki yanka-yanka. Amma tunda takarda ta wanke mu, me za mu je yi a Yamai da damina, ga kuɗin mota, ga na masauki? Wata guda cur muka ɓata. Aka kawo wani mai maganin gargajiya da ya ce shawara ce ta daskare, ya ba da saiwoyi a jiƙa. Rubutu da addu'a ban da ja a kansu, ni ma ina sha. Saiwoyin nan dai gudawa suka sa shi, ya ƙara zubewa.

Tsakiyar Agusta muka hau kar, babbar motar fasinja, bayan sallar asuba. Kusan kilomita 550 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, Auta ya yi tafiyar a karkace saboda ba ya iya jingina da gefen dama. Muka sauka gidan ɗan gwaggonmu a Bukoki. Mun iso a mugun lokaci. Ba a yi wata da juyin mulkin 26 ga Yuli ba, an rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, magunguna sun fara ƙaranci. Wuri na farko aka ce injin ya lalace. Wuri na biyu injin na aiki amma babu ruwan allurar da ake ɗura wa mutum a jijiya don hanta ta fito sosai a hoto, kuma ba tare da shi ba aikin banza ne. Sai da na zaga farmasi shida kafin na samu kwalba ɗaya. Kafin a ɗura kuma sai an gwada ƙoda. Kwana 12 muka yi kafin hoton ya zo hannunmu.

Likitan farko da ya duba ya faranta mana rai. Ya nuna mini wani tabo a tsakiyar ƙarin, mai rassa kamar tauraro, ya ce wannan alama ce ta wani ƙari marar illa da ake samu a hantar matasa, ba ya yaɗuwa, ba ya kisa. Ga jini lafiya, ga yaro ƙarami, ga hanta ba ta ƙeƙashe ba. Mu koma gida, mu dawo bayan wata 6. Wallahi har na fara tambayar kuɗin motar komawa. Ɗan gwaggonmu ne ya ce tunda mun riga mun zo, mu nuna wa wata likitar ciki da hanta da ta taɓa duba matarsa.

Dattijuwa ce, ba ta da yawan fara'a. Ba wuta a ofishinta ranar, sai ta tashi ta kara hotunan a jikin taga tana bin su ɗaya bayan ɗaya, ta fi minti goma ba ta ce uffan ba. Sannan ta juyo ta tambayi Auta kilo nawa ya rasa. Ya ce 11. Ta kira ni ta nuna mini wasu ɗige-ɗige farare fat a cikin tabon nan, kamar tsakuwa a shinkafa, da wasu kaluluwa biyu da suka kumbura a inda jijiyoyi ke shiga hanta. Ta ce ƙarin da abokin aikinta ya ambata gaskiya ne akwai shi, kuma yana da irin wannan tabo, amma ya fi kama mata, ba ya cika kai wannan girma ba, ba ya tayar da kaluluwa, kuma ba ya cinye kilo 11 a jikin mai ɗaukar buhu.

Na ce, "To amma likita, ai AFP ɗinsa 4 ne."

Ta ce, "Mushe, AFP in ya hau yana magana. In bai hau ba, bai ce komai ba."

Ta zaunar da mu ta yi mana bayanin da ba wanda ya taɓa yi mana. Ko dajin hanta na yau da kullum, ba kaɗan ba ne daga masu shi AFP ɗinsu ke zama daidai. Kuma akwai wasu ire-iren da ba sa taɓa shi sam: wanda ke tasowa daga hanyoyin ruwan matsarmama a cikin hanta, wanda ke tasowa daga jijiyoyin jini, da wanda ya taso daga hanji ko tumbi ya zo ya sauka a hanta. Ta ce in hantar mutum ta riga ta ƙeƙashe saboda hepatit, akwai yadda daji ke shan ruwan allurar nan da sauri ya kuma sake shi da sauri, likita na ganin haka a eskanar ya san abin da ke nan ba sai an tsaga ba. Amma wannan ƙa'ida ta masu ƙeƙasasshiyar hanta ce kaɗai. Hantar Auta lafiyarta lau in ban da ƙarin, don haka hoto ba zai taɓa yanke hukunci ba. Sai an ciro ɗan nama an duba. Ta kuma ce cikin hanta ba ya jin zafi, sai fatar da ta lulluɓe ta, shi ya sa ƙari ke girma shiru har sai ya miƙe fatar. Wato ranar da Auta ya fara dafe gefensa cikin azumi, abin ya daɗe a ciki.

Kafin allura sai da ta kawar da wasu abubuwa. Da ta ji muna kiwon tumaki kuma akwai karnuka a gona, ta sa aka yi gwajin wata tsutsa da ke yin jakar ruwa a hanta, don in ita ce aka soke ta da allura, ruwan na iya zuba a ciki ya jefa mutum cikin haɗari nan take. Aka zura masa tiyo mai kyamara ta baki aka duba tumbi. Aka yi hoton ƙirji. Aka yi IRM, wani hoton na injin maganaɗisu, wanda kuɗinsa ya cinye albashina na wata har da ɗori, tabon ya fito baƙi a inda na ƙari marar illa ke fitowa da haske. Duk wani negatif da ya fito yanzu ba na murna da shi, na gane ƙofa ce kawai ake rufewa.

Sai maganar biyopsi, wato ciro ɗan naman da allura, ta isa Tawa. Inna ta kira ni tana kuka. "Kar ku bari lokotoro ya taɓa mini yaro da ƙarhe. Daji in ya ji ƙarhe haukacewa yakai." Na tambayi likitar, ta ce ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, akan samu ƙwayoyin daji su bi sawun allura, amma abu ne da ba ya cika faruwa ba, kuma ba wani likitan fiɗa da zai yanke rabin hantar mutum ko ya fara ba shi maganin daji a kan zato. Na ji ta, amma zuciyata rabi na wajen Inna. Na yi ta jan ƙafa, yau in ce sai Kawu ya zo, gobe in ce sai kuɗi sun iso daga Abijan. Sati uku. Auta ne da kansa ya karɓi wayar wani dare ya ce, "Inna, ki yi mini addu'a kawai. Gara in san abin da ke cina." Ta yi shiru, can ta ce Allah ya sa a yi a sa'a.

Ƙarshen Satumba aka yi. Da farko an gwada ko jininsa na daskarewa da kyau, don hanta wurin jini ce. Ya kwanta rigingine, hannun dama a ƙarƙashin kai. Aka shafa masa man eko mai sanyi, aka kashe wurin da ƙaramar allura, sannan aka kawo doguwar. Likitan ya ce ya riƙe numfashi. Na ji ƙara ɗaya, ƙas, kamar na abin maƙale takarda a ofis. Shi ke nan. Abin da aka ciro bai fi guntun zaren ɗinki ba, fari-fari, yana yawo a ƙaramar kwalba mai ruwan magani. Aka kwantar da shi a kan gefen dama na sa'o'i don nauyin jiki ya danne wurin, ni kuma aka miƙo mini kwalbar in kai labo da kaina. Na sa ta a aljihun gaba na hau kabu-kabu, hannuna a kanta har muka isa.

Sati uku muka jira. Takardar ta ce ba a ga komai ba sai zaruruwan tabo, ba a iya yanke hukunci. Na zauna a kan dakalin asibiti na rasa wanda zan yi wa faɗa. Likitar kuwa da ta karanta sai na ga ta gyaɗa kai, kamar wadda aka ba ta amsa. Ta ce akwai wani daji da ke cike da irin waɗannan zaruruwa, shimfiɗe hawa-hawa, in allura ta faɗa kan shimfiɗar ba za ta ɗebo ƙwayar daji ko ɗaya ba. Ta ce a sake, wannan karon daga gefen ƙarin, kuma a ɗebo sau uku. Ban kira Tawa neman izini ba. Sai bayan an gama na faɗa.

A Nuwamba sakamako na biyu ya fito: daji ne, kuma daga ƙwayoyin hanta. Amma wane iri? Mai duba naman ya rubuta zatonsa, ya ce tabbatarwa sai an yi wasu rine-rine na musamman, sinadaransu kuwa sun ƙare a inda yake, ba a san ranar zuwansu ba. A da akan tura irin wannan Faransa, yanzu jiragen Faransa ba sa sauka Yamai. Aka ba ni naman a daskare cikin ɗan guntun kakin kyandir, bai kai kwalin ashana ba, da lamba a jikinsa. Aka ce in kiyaye shi daga zafi kada ya narke. A garin da ko Nuwamba rana ba ta wasa! Na naɗe shi a hankici na sa cikin gwangwanin shayi. Wani alhaji ɗan unguwarsu ɗan gwaggonmu zai kai matarsa asibiti a Tunis, shi ya tafi da shi a jakar hannu, bai karɓi ko dala ba.

Cikin Disamba, ina aji ina rubuta lissafi a allo, saƙo ya shigo ta WhatsApp. Rini biyu da ake nema, CK7 da CD68, duk sun kama. Sunan ciwon fibrolamela.

Na kwana ina karatu a waya, washegari na kira likitar ta gyara mini abin da na fahimta a karkace. Daji ne da ba a cika gani ba, har likita na iya gama aikinsa bai haɗu da shi ba. Matasa yake kamawa, daga ƴan shekara goma sha zuwa talatin da wani abu, maza da mata, masu lafiyayyar hanta. Ba ruwansa da hepatit, ba ruwansa da giya, AFP kuma yawanci ba ya motsi. Duk abin da ya kwantar mana da hankali a watan Yuli, siffar ciwon ce. Wani likitan Amurka mai suna Edmondson ya fara bayyana shi a 1956, amma ba a gano abin da ke tayar da shi ba sai 2014, a jami'ar Rockefeller da ke birnin New York: wani ɗan yanki ne ke ɓacewa a cikin ƙwayar halitta, sai wasu sassa biyu, DNAJB1 da PRKACA, su manne da juna su haifar da abin da ke ingiza ƙwayar hanta ta yi ta hayayyafa. Ba gadonsa ake yi ba, a cikin ƙarin kaɗai ake samun wannan canji, abin da ya sa na daina kallon ƴaƴana da fargaba. Cikin masu binciken akwai wata yarinya, Elana Simon, wadda ita kanta aka yi wa fiɗar wannan daji tana ƙarama. Da na ba Auta wannan labari ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, ya ce to shi iyakar binciken da zai iya shi ne na farashin albasa.

Na ɗauka tunda an buɗe sashen gashin daji da haske a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai tun 2021, can za mu nufa. Likitar ta ce injin na da amfani ga ire-iren daji da yawa, amma wannan babban maganinsa wuƙa ce, a cire ƙarin duka da kaluluwar da ke kewaye, tun ana iya cirewa. Abu ɗaya da ke gefenmu shi ne lafiyar sauran hantar, don lafiyayyar hanta ana iya yanke kusan kashi 2 cikin 3 nata, ragowar ta sake girma.

Aka sayar da gonar gadonmu ta bakin fadama. Ƴan uwa na Abijan suka yi karo-karo, malaman makarantarmu ma suka haɗa abin da ya sawwaƙa. A Janairun 2024 aka yi masa aiki a Tunis, aka cire ɓangaren dama na hanta. Ƙarin ya kai santimita 13, kuma an samu daji a biyu daga kaluluwar da aka cire. Na tambayi likitan fiɗar, ta bakin wani ɗalibi ɗan Nijar da ke taya mu zirga-zirga, ko da mun zo tun Yuni da bai kai kaluluwa ba. Ya daɗe yana juya takardun, sannan ya tambaye ni wace ce ta nace a sake biyopsi, ya ce in gaishe ta.

Yanzu Auta ya koma wajen Kawu, amma ba ya ɗaga buhu, shi ke riƙe da littafi yana ƙirga lodi. Ya mayar da kilo 8. Wannan daji yana da halin dawowa, kuma tunda ba ya nuna kansa a jini, ba wani gwajin da za a yi mana a Tawa a huta. Sai eskanar, sai Yamai, sai neman kwalbar allura. Takardunsa sun cika jakar leda biyu, ni ke ajiye su a ƙarƙashin katifa.

A zuwanmu na ƙarshe hanta ta fito tas, amma an ga wani ɗigo a huhun hagu, milimita 4. Likitar ta ce ya yi ƙanƙanta a soke shi, ya yi ƙanƙanta a ba shi suna, yana iya zama tabon tsohon tari, yana iya zama wani abu. Mun iso gida bayan isha'i, Inna na zaune a tabarma da carbi ba ta ci tuwo ba. Ta dubi ledar da ke hannuna ta ce, "Negatif ne?" Na ce mata an ce mu koma bayan wata 3.